Kafin Fadama Ta Yi Shiru: Shawara Ga Matafiyi Mai Son Naɗar Kukan Tsuntsaye

Wata shekara, ana tsakiyar hunturu, na kwana a wani ƙauye da ke gefen fadamar Haɗeja da Nguru. Da aka idar da sallar asuba, wani dattijo masunci ya ɗauke ni a kwalekwalensa muka kutsa cikin ruwa, gari bai gama wayewa ba. Muna tafe sai garken kirinjijiya ya tashi a gabanmu yana fito, zakaran ƙeƙuwa na ta tsawa a bakin gaɓa, dinya kuma na ratsawa ta samanmu. Na zaro wayata na shiga naɗa. Can na tambayi dattijon ko har yanzu ana ganin gauraka a wurin. Ya ajiye sandar tuƙi, ya haɗa tafukansa a baki, ya kwaikwayi kukanta sau uku, sannan ya ce: "Malam, rabona da jin wannan daga bakin mai shi tun 'ya'yana suna ƙanana. Jikokina a bakina kawai suka san shi."

Da na dawo gida na kunna abin da na naɗa, ban ji komai ba sai hucin iska da ƙarar yatsuna a jikin waya. Kirinjijiya ta nutse a cikin hayaniya, muryar dattijon ma da ƙyar ake tsintar ta. Tafiyar kwana uku ta tashi a tutar babu. Tun daga ranar na ɗaura ɗamarar sanin abin da ya kamata matafiyi ya riƙe idan yana son ya dawo da sautin da za a amfana da shi. Ɗalibai da abokan aiki kan tambaye ni wannan batu, shi ya sa na ga dacewar in shimfiɗa shi a nan.

Me ya sa za a damu da kukan tsuntsu?

Mai karatu na iya cewa, a ƙasar da ake fama da tsadar abinci, wane ne ke da sukunin bin tsuntsu da makirufo? Tambayar tana kan hanya, amma tana da amsa. Kukan tsuntsu shaida ne na ilimi. Akwai wata 'yar tsuntsuwa ta dangin zalaidu a tsaunukan Jos wadda ba ta yin sheƙa, sai dai ta saka ƙwanta a sheƙar wata tsuntsuwar dabam ta rene mata. Namijin da aka rena haka yakan tashi yana kwaikwayon waƙar uban riƙonsa. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne na Jami'ar Mishigan, ya naɗi waƙar wannan tsuntsu, ya tarar yana kwaikwayon wata murya da ba ta dace da ta kowane sanannen jinsi ba. Bin diddigin muryar ne ya kai ga gano wata 'yar jar tsuntsuwa mai zama cikin duwatsu, wadda aka bayyana wa duniyar kimiyya a matsayin sabon jinsi a 1998. Haka nan wani likita Bafaranshe, Claude Chappuis, ya bayyana wani sabon jinsi a 1974, mai zama a bakin kogin Neja da yankin Tafkin Cadi, wanda ido ba ya iya rarrabe shi da ɗan'uwansa cikin sauƙi, sai kunne. Shi ne kuma ya fitar da tarin faya-fayan CD 15 na kukan tsuntsayen arewaci da yammaci da tsakiyar Afirka a shekarar 2000.

A lura da cewa duk waɗannan baƙi ne suka zo suka naɗa. Manyan rumbunan sauti na duniya, irin su Xeno-canto da aka kafa a ƙasar Holan a 2005, da rumbun Macaulay na Jami'ar Cornell a Amurka, cike suke da muryoyin tsuntsayen Turai da Amurka, namu kuwa kaɗan ne idan aka kwatanta. Manhajojin waya masu gane tsuntsu ta kukansa, kamar Merlin da BirdNET, daga irin waɗannan rumbuna suke koyo, don haka suka fi ƙwarewa a Landan fiye da Gashuwa. A gefe guda kuma muhallin yana sauyawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a farkon shekarun 1990, ambaliyar da ke ciyar da fadamar Haɗeja da Nguru ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, gauraka kuma ta yi wuyar gani a faɗin Nijeriya. Abin da ba a naɗa yau ba, gobe sai dai a ji shi a bakin tsofaffi, jibi kuma babu tsofaffin.

Ƙa'idar farko: kusanci ya fi tsada

Kafin a kashe ko kwabo, a riƙe wannan. Ƙarfin sauti yana raguwa da nisa bisa ƙa'ida sananniya: duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakaninka da tsuntsu zuwa rabi, ƙarfin kukansa a makirufo yana ƙaruwa da kimanin desibel 6. Wanda ya matso daga mita 40 zuwa mita 10 ya samu ƙarin desibel 12 ba tare da ya biya komai ba, alhali ƙarar injin ban ruwa da ke can nesa tana nan yadda take. Saboda haka mai haƙuri da waya a hannu, wanda ya iya sanɗa irin ta maharbin burtu, yakan fi mai kayan miliyoyi da ke tsaye a bakin titi. Kaya suna taimakon gwani ne, ba sa mayar da raggo gwani.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi matafiyi musamman: kayan da suka fi amfani su ne waɗanda za ka iya ɗauka. Wanda zai hau motar haya daga Kano zuwa Nguru, ya hau babur, ya shiga kwalekwale, ba zai yi tunani irin na mai ɗakin naɗar sauti ba. Duk na'urar da nauyinta zai sa a bar ta a masauki, ba ta da amfani komai ingancinta.

Mataki na ɗaya: wayar hannu

Waya tana iya aiki, muddin an san gazawarta. Kuskuren da na yi a Nguru shi ne amfani da manhajar naɗar murya da ta zo da wayar. Irin waɗannan manhajoji, har da saƙon murya na WhatsApp, don maganar ɗan'adam aka tsara su. Suna matse sauti don ya yi ƙaramin nauyi, suna ɗagawa da sauke ƙarfinsa da kansu, wasu kuma suna ɗaukar siririn kukan tsuntsu a matsayin hayaniya su goge shi. Mafita ita ce a sauke manhajar da ke naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai, saɓanin MP3. A kashe duk wani gyaran sauti na kai-tsaye, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse aiki, a juya ɓangaren makirufonta ya fuskanci tsuntsun, a kuma riƙe ta ba motsi. Ga ɗalibin da ke fara koyo, wannan ya isa ya tara shaidar cewa wani jinsi yana wani wuri a wata rana, kuma wannan shaida tana da daraja.

Mataki na biyu: ƙaramar rikoda

Wanda ya ɗan samu hali sai ya nemi ƙaramar rikoda ta hannu, irin su Zoom H1n, Tascam DR-05X ko Sony PCM-A10. Duk suna shiga aljihun riga. Fifikonsu a kan waya shi ne kai ne ke sarrafa ƙarfin ɗaukar sauti, kuma ba sa cinye cajin wayar da za ka nemi taimako da ita idan wani abu ya faru. Sai dai makirufon da ke jikinsu yana ɗaukar sauti daga faffaɗan fili. Ya dace da naɗar amon wuri gaba ɗaya, kamar hayaniyar fadama da asuba, amma bai iya ware suda guda a tsakiyar kurmi ba.

A wajen zaɓen rikoda, abubuwa huɗu nake dubawa. Na farko shi ne hucin da na'urar kanta ke yi. Kowace rikoda tana da wani siririn "sss" da ke fitowa idan aka ɗaga ƙarfinta, kuma da yake kukan tsuntsu daga nesa ba shi da ƙarfi, dole a ɗaga. A gwada ta a ɗaki shiru kafin a biya kuɗi. Na biyu, ko tana da tsarin riƙe daƙiƙu kaɗan na sauti kafin a danna maɓalli, domin tsuntsu ba ya sallama kafin ya fara waƙa. Na uku, irin batirin da take ci. Na huɗu, ko tana da kafar haɗa makirufo na waje, domin nan ne hanyar ci gaba.

A saita ta a kan WAV, 48kHz, bit 24. A wannan saiti, awa guda na naɗi ta kafa biyu yana cin kimanin gigabait ɗaya, ta kafa ɗaya kuma rabin haka. Katin ajiya mai gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 30, wanda ya ishi tafiyar mako biyu. Gara katuna biyu matsakaita da babba guda ɗaya, kuma a saya a wurin amintacce, domin katunan jabu da ke nuna girman da ba su da shi sun yi yawa a kasuwa. Akwai sababbin rikodoji masu tsarin da ake rubutawa 32-bit float, kamar Zoom F3, waɗanda suka ɗauke wa mutum wahalar saita ƙarfi: ko dinya ta yi ƙara a kusa, ko kanari ya yi a nesa, ana daidaitawa daga baya a kwamfuta. Ita F3 ba ta da makirufo a jikinta, sai an haɗa mata.

Mataki na uku: dogon makirufo ko faranti?

A nan ne masu wannan harka suka rabu gida biyu. Akwai dogon makirufo mai kama da bututu, irin wanda 'yan jarida da masu shirya fim ke riƙewa. Mutane da yawa suna zaton yana jawo sauti daga nesa kamar yadda tabarau mai hangen nesa ke jawo hoto. Ba haka yake aiki ba. Abin da yake yi shi ne rage sautin da ke zuwa daga gefe, don wanda ke gabansa ya fito fili. Amfaninsa ga matafiyi a bayyane yake: ba shi da nauyi, yana shiga jakar goyo, kuma saita shi a kan tsuntsu mai tashi ba wuya. Sennheiser MKE 600 da Rode NTG2 misalai ne masu kyau, musamman da yake kowannensu yana iya aiki da batir AA guda a cikinsa. Wannan muhimmi ne, domin makirufon ƙwararru yawanci suna jan wuta mai ƙarfin bolt 48 daga jikin rikoda ta kafar XLR, abin da ke saurin cinye batirinta, kuma ƙananan rikodoji irin H1n ba su da wannan kafa. Kada a sayi makirufo sai an tabbatar zai haɗu da rikodar da ake da ita.

Ɗaya ɓangaren shi ne makirufo mai faranti, wanda ya yi kama da kwanon kama tashoshin talabijin. Farantin yana tattara sautin da ya faɗo a kansa ya mayar da shi wuri guda, inda aka dasa makirufo. Wannan kam yana ƙara ƙarfin sauti da gaske, kuma babu kamarsa wajen ware ƙaramin tsuntsu a ƙololuwar bishiya. Kamfanin Telinga na ƙasar Suwidin, da Wildtronics na Amurka, da Dodotronic na Italiya sun shahara da ƙera shi, wasu ma da roba mai laushi da ake naɗewa kamar tabarma.

Amma faranti yana da iyaka da ilimin kimiyyar lissafi ya gindaya masa. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma faranti ba ya tattara sautin da tsawon zangonsa ya fi faɗin farantin. Idan faɗinsa santimita 55 ne, to sautin da girgizarsa ta gaza kimanin sau 600 a daƙiƙa ba zai samu wani ƙari ba. Ma'ana, yana yi wa masu siririyar murya hidima, irin su kanari da suda, amma gurnanin burtu, da kukan ragon maza, da na mujiya, da na kurciyoyi da yawa, ba sa cin moriyarsa sosai. Ƙananan farantai da ake tallatawa a intanet a matsayin na tafiya sun fi muni ta wannan fuska, domin ƙanƙantar faɗi tana ƙara ɗaga iyakar.

Ra'ayina, bayan na gwada duka biyun, shi ne matafiyi ya fara da dogon makirufo. Dalilina bai tsaya ga nauyi ba. A halin tsaro da ake ciki a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, mutum ya fito daga daji da asuba riƙe da baƙon faranti, ga wayoyi sun ratsa jikinsa, neman magana ne. Ni kaina an taɓa tsare ni sama da awa biyu a wani shingen bincike saboda dogon makirufo da ke cikin rigarsa ta gashi, wanda aka ɗauka wani abu ne dabam. Abin da ya cece ni shi ne takardar gabatarwa da ke aljihuna, da kuma kukan cilakowa da na kunna musu suka saurara. Faranti na wanda ya riga ya san wurin da zai je ne, kuma wurin ya san shi.

Iska, ƙura, zafi da wuta

Abokin gaban mai naɗar sauti na farko iska ce. Soson da ke zuwa da makirufo na cikin ɗaki ne, a fili ba ya tsinana komai. Dole a nemi rigar gashi, wadda ke karya ƙarfin iska kafin ta isa bakin makirufo, har ga waya da ƙaramar rikoda akwai daidai su. Da na san wannan, da ban yi asarar safiyar Nguru ba. Haka kuma a samu mariƙi mai roba da ke hana motsin hannu shiga cikin naɗi, a guji tufafi masu ƙara kamar shadda mai sitaci, a zaɓi yadi mai laushi marar haske. Abin sauraro na kunne, wato hedifon mai rufe kunne duka, wajibi ne, domin ta cikinsa kawai za ka gane cewa waya ta kwance ko iska ta shiga tun kana wurin.

Ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa, danshin damina kuma yana sa wasu makirufo yin ƙaras-ƙaras. Maganin duka biyun mai araha ne: jakar leda mai zif, da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Kada a bar kaya a rufaffiyar mota da rana a watan Afrilu, zafin ciki yana lalata batir da allon na'ura.

Batun wuta kuwa, na fi son na'urar da ke cin batir AA a kan mai batir a manne, domin idan ta mutu a ƙauyen da babu lantarki, ana iya samun madadi a teburin mai shayi. Sai dai batiran teburi ba sa daɗewa, don haka a tanadi masu caji irin NiMH, saiti biyu ko uku, da ma'ajiyar caji ta waya. Mai tafiya ta jirgin sama ya sani cewa ma'ajiyar caji da batiran litiyam a jakar hannu ake ɗaukar su, ba a cikin kayan da ake aunawa ba, kuma iyakar da aka saba amincewa da ita ba tare da izini na musamman ba ita ce 100Wh. Ma'ajiya mai 20,000mAh tana kusan 74Wh, don haka tana cikin iyaka.

Ga mai bincike da ke son sanin abin da ke kuka a wuri cikin dare ko tsawon makonni, akwai wata 'yar na'ura mai suna AudioMoth, wadda masu bincike a Ingila suka ƙirƙira. Ba ta fi tafin hannu ba, tana cin batir AA uku, ana ɗaure ta a bishiya ta yi ta naɗa a lokutan da aka tsara mata. Amma kada a ɗaura ta a gonar wani ba da saninsa ba.

Ladubban aikin

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a sayarwa a kanti. Idan ka isa gari, fara da gidan mai unguwa ko dagaci, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka kuma biya shi haƙƙinsa. A wuraren da hukuma ke karewa, kamar Yankari ko Dagona, a nemi izini a rubuce. Makirufo mai ƙarfi yana ɗaukar hirar mutane daga nesa, kuma ba daidai ba ne a naɗi maganar kowa ba da yardarsa ba. A guji yawan kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa don a jawo shi, musamman da damina lokacin sheƙa, domin yana barin ƙwai da 'ya'ya ya fito faɗa da abokin gaban da babu shi.

Lokaci mafi albarka shi ne daga ketowar alfijir zuwa hantsi, kafin iska ta tashi, kafin injin niƙa da babura su farka. Da damina ne tsuntsayen gida suka fi waƙa, da hunturu kuma baƙi daga Turai ke cika fadamu. A ƙarshen kowane naɗi, kafin ka danna tsayawa, faɗi da bakinka kwanan wata, da lokaci, da sunan wuri, da abin da ka ga tsuntsun yana yi, da kimanin tazararsa. Sautin da babu wannan bayani kamar wasiƙa ce marar adireshi. Ina kuma ƙara roƙon abu guda: tambayi ɗan rakiyarka sunan tsuntsun da Hausa, ko da Bade, ko Kanuri, ko Fulfulde, da abin da mutanen wurin ke cewa yana faɗi, ka naɗa da izininsa. Sunayen ma ɓacewa suke yi tare da masu su, kuma wannan ɓangare ne da baƙo daga waje ba zai iya yi kamar mu ba.

Daga nan kada a bar sautin ya mutu a cikin kati. A kwafe shi wuri biyu, a ɗora a Xeno-canto ko rumbun Macaulay ta hanyar eBird, duk kyauta ne. Mai neman jagora kuma yana iya tuntuɓar cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya tare da 'yan sa-kai.

A taƙaice, ga ɗalibi: waya, manhajar WAV, rigar gashi da haƙuri. Ga mai matsakaicin hali: ƙaramar rikoda, dogon makirufo mai batirinsa, hedifon da batira masu caji, duka a jaka guda. Faranti ya jira sai buƙata ta kama. Tarihi ya nuna cewa naɗin kukan tsuntsu mafi daɗewa da aka sani, wani yaro ɗan shekara takwas mai suna Ludwig Koch ne ya yi shi a Jamus a 1889, da na'urar kakin zuma da mahaifinsa ya kawo masa. Wayar da ke aljihun ɗalibinmu mafi talauci ta fi wannan na'ura nesa ba kusa ba.

Na koma ƙauyen nan bayan shekara biyu da kayan da suka dace. Na samu kirinjijiya, na samu dinya, na samu zakaran ƙeƙuwa, duk tangaran. Dattijon kuwa na tarar ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Gauraka ba ta zo ba, kuma babu wanda ya iya kwaikwayonta kamar shi.